Shafukan da Suka Rage

Wata ranar Asabar a tsakiyar sanyin shekarar 1975, ni da Goggo Binta muka cicciɓo wani ƙaton kwali daga ɗakin tsohuwar da muke haya a gidanta a Tottenham, muka fara hawa bene da shi muna nishi. Ita tana gaba tana ja, ni ina baya ina turawa, shekarata goma a duniya, hancina sai yoyo yake saboda sanyi. Ba mu kai rabin matakala ba gindin kwalin ya ɓalle, littattafai suka zube suna gangarawa har bakin ƙofar waje. Tsofaffi ne masu kauri, bangonsu ja da kore da ruwan ƙasa, takardunsu sun koma ruwan ɗorawa, suna warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Tsohuwar, wadda ni da ƙanena muke kira Kaka ta Ƙasa don a ƙasan benen take zaune, ta tsaya rungume da kyanwarta tana dariya. Ta ce na yayarta ne da ta rasu, ita kuma idonta ya daina ganin ƙananan rubutu, gara ta ba mai karantawa da a kai su gwanjon coci. Umma ta leƙo daga sama da muciya a hannu, ta dubi tarin, ta ce, "Wannan kuma wace shara kuka kwaso mana?" Mu dai muka ci gaba da tsincewa.

A shekarun nan ƙasarmu ta samu mai, gwamnati kuma ta buɗe hannu tana ta tura ma'aikata ƙaro ilimi. Haka Baba ya zo London kwas na shekara uku daga ma'aikatarsu ta Kaduna, ya taho da mu. Ɗakuna uku ne a saman benen: falo, da ɗakin su Umma inda ƙanena yake kwana, da namu ni da Goggo. Falon kuwa ba ya rabo da baƙi. Yau wani abokin Baba ya zo taro, gobe wata 'yar'uwar Umma ta zo sayayya, su sauka da kuka da daddawa da kilishi, su koma da keken ɗinki da rediyo da akwatunan da sai an hau kansu suke rufuwa. Goggo Binta ƙanwar Baba ce, autarsu, shekararta ashirin da biyu, tana koyon aikin nas. Baba ya ɗauko ta ne bayan rasuwar mahaifiyarsu, wadda kafin ta cika ta sa ya yi mata alkawari cewa ba zai ba da Binta ga wanda ba ta so ba. Kowa a gidan ya san wannan alkawari, Baba kuma mutum ne da idan ya ce i to i ce, yana kuma ɗauka kowa haka yake.

Aikina a gidan ba shi da yawa amma ba ya ƙarewa. Da safe in sauka in ɗauko kwalaben madara kafin tsuntsaye su huda murfinsu, da yamma in je kantin kan kwana in sayo kananzir na hitar ɗumama ɗaki, in dawo hannuna ya sandare. A makaranta ina tsallen igiya da 'yan ajinmu, suna taɓa kitsona suna tambaya ko da shi nake barci. Ran Lahadi kuwa mu loda wanki a tsohon keken jariri, ni da Goggo mu tura shi zuwa gidan wanki na inji. A nan karatunmu ya fara. Injin yana juyawa, wurin da ɗumi da ƙamshin sabulu, mu zauna a benci ta buɗe littafi. Harshena ya fi nata saurin Turanci, ita kuma ta fi ni gane abin da ake nufi, don haka ni nake karantawa da ƙarfi, ita tana tsayar da ni tana bayani. In mun dawo gida sai ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta kama kitso, ni kuma littafi a kan gwiwata, in na yi tuntuɓe da kalma ta ja min gashi.

Labaran kusan duk hanya ɗaya suka bi. Yarinya ce a wani babban gida na karkara, ko kuma 'yar talaka da ta je koyar da 'ya'yan masu hali. Ba ta da aiki sai kaɗa fiyano da ɗinki da yawo a lambu da rubuta wasiƙa. Gadon gidan na wani namiji ne can daban, don haka in ba ta yi aure ba ta shiga uku. Ana zuwa rawa, ana shan shayi, ana gulmar wa ya dubi wa. Akwai kuma littattafan waƙoƙi guda biyu a kwalin, su kuma maza ne suke ta kuka a ciki: wai masoyiya ta ƙi kallonsu, wai zuciyarta dutse ce, wai za su mutu a bakin ƙofarta, amma waƙa ta gaba sai ka same su da ransu suna wani kukan. Goggo ta haddace da yawa daga cikinsu, tana rera su ƙasa-ƙasa in tana gugar farar rigarta ta asibiti.

Umma ba ta jin Turanci sai na kasuwa, amma ba ta yarda a bar ta a baya ba. Tana tsintar shinkafa ko tana tuƙa tuwon garin Turawa da muka mayar madadin na dawa, sai ta ce in fassara mata. Ita ce alƙaliyar labaran, kuma ba ta da sassauci. Mazan cikin waƙoƙi ta ce ba su da sana'a ne. 'Yan matan da suke suma in an yi musu albishir ta ce yunwa ce, da an ba su fura da sun miƙe. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne uwa ta rasa barci saboda 'yarta ba ta samu miji ba, ta kan girgiza kai ta ce, "Ashe su ma haka suke." Ranar da na karanta mata ƙarshen wani littafi, an ɗaura aure an rufe bango, sai ta ajiye faranti ta ce, "A nan ya tsaya? Ai yanzu aka fara labarin. Marubucin nan bai taɓa aure ba."

Goggo ba ta dariya da irin wannan. Ita abin da ya kama ta shi ne yadda 'yan matan suke magana. A wajenmu in an tambayi budurwa ko tana son wane, sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, manya su ce alhamdulillahi, shiru ma magana ce. Waɗannan kuwa namiji yana tsaye gabansu da hula a hannu, su dube shi ido cikin ido su ce sun gode da karamcinsa amma ba za su iya ba. Shi kuma ya fita ransa a ɓace, ya tafi ya yi wata da watanni, ya rubuto doguwar wasiƙa, ya gyara halinsa, ya dawo cikin ruwan sama ya sake tambaya. Karo na farko da muka kai irin wannan wuri na fashe da kuka, na ce shi ke nan ta rasa shi. Goggo ta karɓi littafin ta matse shafukan da suka rage tsakanin yatsunta biyu, ta nuna min. "Dubi kaurin nan," ta ce. "In da ya tafi ke nan, da me za a cika wannan? Mai so ba ya jin a'a ta farko." Daga ranar na daina tsorata. Duk sanda aka kori wani, sai in taɓa kaurin abin da ya rage in ci gaba da karatuna.

Malam Garba ya fara zuwa gidanmu ne da zafin shekara ta gaba. Bazamfare ne daga Gusau, yana karatun injiniyan ruwa, dogo siriri, wandonsa kullum bai kai idon sawu ba. In gaskiya za a faɗa, babu littafin da zai ɗauke shi jarumi. Zuwansa na farko gaishe da Baba ya zo yi, ya ji famfon kicin yana ɗiga, ya nemi izini ya gyara. Na biyu ya zo duba ko gyaran ya riƙe. A na uku kowa ya gane ba famfo ke kawo shi ba. Baba ya ba shi izinin zance ranar Asabar bayan la'asar, a falo, ni kuma a zaunar da ni a teburin gefe da aikin makaranta, don ba a barin su su biyu. Na saurari zancen nan wata takwas, ban ji kalmar so ko sau ɗaya ba. Madatsar ruwa yake mata bayani, da yadda zai kai famfo garinsu mata su huta da rijiya. Tsarabarsa laima ce, da robar ruwan zafi ta ɗumama gado, da takalmi mai laushi saboda tsayuwar asibiti. Ni kuma kullum da cakulan ɗina a aljihunsa.

Amma Goggo tana son sa, wannan ba ni da shakka a kai. Ranar Asabar tun azahar take sauya ɗankwali. In ta ji ƙararrawar ƙofa sai ta zauna ta buɗe littafi kamar ba ta ji ba, wani lokaci ma a juye. Da sanyi ya dawo ta sayo ulu ruwan toka, Kaka ta Ƙasa ta koya mata saƙa, ta fara saƙa masa abin naɗa wuya. A ƙarƙashin katifa take ɓoye shi, ni kaɗai na sani, ta kuma sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na ce mata wa zai naɗa ulu a wuya a zafin Gusau, ta ce in rufe mata baki. Abu ɗaya ke damun ta, ta faɗa min shi sau da yawa muna gidan wanki: ba ta sani ba ko ita yake so, ko kuwa mata kawai yake nema ya koma da ita, kamar yadda sauran suke komawa da keken ɗinki.

Ƙarshen sanyin nan ya gama karatu, takardar aiki ta zo masa daga gida da mota da gidan gwamnati, saura masa mako uku ya tafi. Ba shi da kawu ko baffa a London, sai ya roƙi wasu dattawa biyu, wani likita da wani ma'aikacin rediyo, su tsaya masa. Har Peckham suka je neman goro. Suka zo cikin manyan riguna da kwat a sama, aka yi gaisuwa, suka gabatar da buƙata, Baba ya ce ya ji, zai tambayi yarinya. Bayan sun tafi ya kira ta falo, Umma na zaune, ni ina bakin ƙofar kicin da tire a hannu. Ya ce, "Binta, Garba ya aiko. Me kika ce?" Umma har ta fara murmushi, tana jiran a sunkuyar da kai ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa don kada Kaka ta Ƙasa ta tsorata. Sai Goggo ta ɗaga kai ta dubi Baba. Ta faɗa tiryan-tiryan: "Yaya, a gaya masa na gode da karamcinsa, amma ba zan iya ba." Na san jimlar nan. Ni na karanta mata ita da bakina, ba sau ɗaya ba.

Baba ya cire tabarau ya goge. Ya tambaye ta sau biyu ko ta tabbata. Da a ɗakinmu ne da ta yi bayani, amma wace ƙanwa ce za ta dubi yayanta ta ce gwada saurayi take yi? Kunyar da ta ajiye minti ɗaya ta dawo ta rufe ta, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, Baba kuma ya ɗauki shirun a matsayin tabbacin abin da ta riga ta faɗa. Magana zarar bunu ce. Ya ce, "Na yi wa Inna alkawari, ba zan saɓa ba." Washegari ya sa babbar riga ya je ya ba dattawan nan haƙuri da kansa. Umma ta yi faɗa kwana biyu, sannan ta bari, don ita ma ba ta taɓa jin budurwa ta ce a'a da bakinta alhali tana so ba.

Goggo kuwa ta fara jira. Ta karɓe min aikin ɗauko madara don ta riga kowa ganin wasiƙun da aka zuro ta ramin ƙofa. In an yi ruwa sai ta tsaya a taga. Ta ƙarasa saƙar, ta yi mata geza, ta naɗe ta cikin farar takarda. Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, babu wasiƙa sai ta kuɗin lantarki da ta Kaduna. Abin da ba mu lissafa ba shi ne Malam Garba bai karanta littattafan Kaka ta Ƙasa ba. Shi abin da aka koya masa a gida shi ne in ka aiki manya aka dawo musu da a'a, to ka rufa wa kowa asiri ka janye. Naci bayan haka raini ne ga waliyyi da zubar da girman waɗanda suka tsaya maka.

A cikin mako na biyun ne Baba ya raka ni sayen kananzir, abin da bai taɓa yi ba. Muna tafe ya ce, "Hadiza, ke kike ɗaki ɗaya da goggonki. Akwai wani ne da take so?" Na ce babu. Gaskiya na faɗa, babu wani sai shi ɗin. Baba ya jira ko zan ƙara. Zancen saƙar yana bakina, kalma uku ta isa. Amma na yi rantsuwa, kuma yaro ba ya tsoma baki a zancen auren manya, sannan abin da ya fi duka, ban ji tsoro ba ko kaɗan. A ganina muna tsakiyar littafi ne. Har wani daɗi nake ji cewa na san abin da Baba bai sani ba.

Ana gobe zai tafi, Malam Garba ya zo sallama da rana. Bai zauna ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gode wa Umma da tuwon da ya ci a gidan, ya ce ya sayi tikitin jirgin safe. Goggo tana ɗakinmu, ƙofar a ɗan buɗe, na san tana tsaye a bayanta da farar takardar nan a hannu, tana jira ya ce a yi masa magana da ita. Shi kuma bai tambaye ta ba, don tambayar wadda ta ƙi ka a gaban yayanta rashin ta ido ne. Sau ɗaya ya dubi ƙofar. Ni na raka shi ƙasa. A bakin ƙofar waje ya ciro cakulan ya ba ni, ya ce, "Ki yi karatu sosai. Ki ce wa goggonki ta yafe min in na takura mata." Na ce to. Na tsaya ina kallon sa har ya kai tashar bas, ina jira ya juyo, don a daidai irin wannan wurin suke juyowa. Bas ta zo ya shiga.

Wata biyar bayan haka wani baƙo da ya sauka a falonmu ya ambata, yana cin tuwo, cewa an ɗaura wa Garba aure a Gusau. Goggo ta ce Allah ya ba da zaman lafiya, ta tashi ta kwashe kwanuka. Ba ta yi suma ba, ba ta kwanta ciwo ba, washegari ta tafi asibiti a kan lokaci. Kitso dai ta ci gaba da yi min, amma ba ta ƙara cewa in ɗauko littafi ba. Ni na ci gaba da karanta su ni kaɗai har na ƙare kwalin, kuma har yau ina son su. Ba su yi mana ƙarya ba. Labarin mutanensu suka ba da, da irin zancen da mutanensu suke ganewa. Goggo ta gama karatunta ta koma gida, ta auri wani malamin makaranta mai kirki, ta haifi biyar. Da na girma na taɓa tayar mata da zancen, ta yi dariya ta ce, "Yarinta ce," ta shiga wata hira. Baba kuwa sai da ya tsufa na gaya masa. Sai ya ce, "Ai na tambaye ki."

Yanzu jikokina a nan London suke, ba su da nisa da titin da muka zauna. Gidan wankin ya zama shagon waya, ba a kawo madara bakin ƙofa, 'yan mata kuma suna faɗin abin da ke ransu da yatsa ɗaya, amsa ta dawo kafin shayi ya huce. Ba na cewa sun fi mu ko mun fi su. Saƙar nan ruwan toka tana wajena. Goggo ta bar ta a ƙarƙashin katifa ranar da ta koma gida, ni kuma na ɗauka, ba wanda ya taɓa naɗa ta. Ina kewar bencin gidan wankin nan, da ɗumin wurin, da yatsunta a cikin gashina. In na ɗauki littafi har yanzu hannuna yakan matse shafukan baya da kansa, in tuna ranar da na tsaya a bakin ƙofa da cakulan a hannu ina ganin akwai sauran lokaci. A littafi ne kaɗai ake taɓa kaurin abin da ya rage.